Cinikin da Ba a Cewa Albarka

Houston, Jihar Texas, Amurka

Zuwa ga Baffana,

Ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso mini ta bakin ƙanena, wanda ya ce ranar da labari ya kai gida cewa na sayi sabuwar jif, ba ka tambayi launinta ko girmanta ba, abin da ka tambaya kurum shi ne nawa aka sa mata, nawa na taya, nawa aka sallama, sa'an nan ka ƙara da cewa kai dai ka ji an ce Turawa ba sa ciniki, abin da suka rubuta shi ne kuɗi. Da na ji haka sai na yi murmushi, na ce lalle wanda ya shekara arba'in yana dillancin shanu a karar Wudil ba zai canja tambaya ba, kuma amsarsa ta fi ƙarfin waya, sai takarda.

Abin da aka gaya maka gaskiya ne, amma rabinta. Idan burodi ne ko riga ko magani, farashin yana manne a jikin kaya, wanda kuwa ya tsaya tayawa za a ɗauke shi ko dai baƙo ko mai taɓin hankali. Sai dai akwai abubuwa biyu da mutanen nan suke ciniki a kansu, ciniki mai zafi wanda ko a Kantin Kwari ban ga irinsa ba, su ne gida da mota. Tun shekarar 1958 doka ta wajabta a liƙa wa kowace sabuwar mota takarda a gilashi, mai bayyana farashin da masana'anta ta ba da shawara da duk abin da aka ƙara mata, har yau kuma ana kiran takardar da sunan Monroney, wani ɗan majalisar dattawa daga Jihar Oklahoma wanda ya kawo ƙudurin. To, amma shawara ce, ba hukunci ba. Mai gidan mota yana da ikon ya sauka ƙasa da ita idan kaya sun yi kwantai, yana kuma da ikon ya haura, kamar yadda muka gani a 2021 da 2022, lokacin da ƙarancin wasu ƙananan na'urorin lantarki ya tsayar da masana'antu, aka riƙa ɗora dubban daloli a kan abin da ke rubuce, mutane kuma suna biya suna godiya. Abin da zai ba ka dariya, Baffa, shi ne a Texas doka ta hana masana'anta ta sayar wa mutum mota kai tsaye, dole sai ta hannun dila. Ka ga ashe sana'arka a nan hukuma ce take tsare mata mutunci.

Motar da raina ya biya Lexus ce, irin wadda ake kira GX, tsohuwata kuwa Toyota ce da ta yi mini hidima shekaru masu yawa ba ta taɓa kunyata ni ba. Na tafi ranar Asabar, domin gidajen mota a jihar nan ba a yarje musu su buɗe Asabar da Lahadi duka biyu ba, galibinsu kuwa Lahadi suke rufewa. Wani saurayi mai fara'a ya tarye ni tun daga bakin ƙofa, ya kira ni da sunana kamar tare muka yi makarantar allo, ya kawo gahawa, ya ba ni makulli muka zaga gari, ƙamshin sabuwar fata yana shiga mini har ƙwaƙwalwa. Kafin mu dawo ya san yawan 'ya'yana da irin aikina da unguwar da nake zaune, ni kuwa ban san kome nasa ba sai sunan da ke rataye a ƙirjinsa.

Da muka zauna sai ya ɗauko farar takarda ya ja layi biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ta zama gida huɗu: a gida ɗaya kuɗin sabuwar mota, a na biyu abin da za su ba ni a kan tsohuwata idan na bar musu ita aka yi ciko, a na uku abin da zan ajiye nan take, a na huɗu abin da zan riƙa biya kowane wata. A nan ne hikimar take, in har za a kira ta hikima. Duk lokacin da na ɗora yatsa a gidan farko, sai ya janye hankalina zuwa na huɗu, yana tambaya cikin tausasa murya, "Nawa za ka iya biya a wata ba tare da ka takura ba?" Idan na matsa aka rage mini dubu biyu a kan sabuwa, sai in tarar dubu biyun sun zube daga kuɗin tsohuwa, idan na yi ƙorafi a kan tsohuwa aka ƙara, sai watannin biya su ƙaru. Kamar mutum ne yake ɗebo ruwa daga wannan randa yana zubawa a waccan, alhali randunan duka na gida ɗaya ne. Kuma kowane tayi na yi sai ya miƙe ya ce bari ya je ya roƙi manaja, ya bar ni minti ashirin ina kallon bango, sa'an nan ya dawo da fuskar wanda ya yi mini yaƙi aka fi ƙarfinsa. Manajan nan ban sa shi a ido ba sai can da yamma.

Na tuna yadda kake yi a kara, inda mai saniya yake tsaye, mai saye yake tsaye, kai kana tsakani, kowa ya san la'adarka, idan tayi bai kai ba a ce albarka, idan ya kai a ce an sallama, Allah ya sa a amfana, shaidu kuma suna ji. A nan kalmar albarka ba ta da madadi. Ba a cewa a'a, ba a kuma cewa i, sai dai a sake lissafi.

Amma kada in zalunce su, domin sun tanadar wa mai saye makaman da mu ba mu da su. Akwai wani kundi da ake kira Kelley Blue Book, wanda wani mai sayar da motoci a birnin Los Angeles ya fara bugawa a 1926, yanzu yana intanet, kowa yana iya duba ƙimar motarsa gwargwadon shekarunta da tafiyar da ta yi. Akwai kuma kamfanonin da za ka kai musu tsohuwar mota su duba su ba ka tayi a rubuce, irin su CarMax, wanda tayinsa yake tsayawa har kwana bakwai ko ba ka sayi kome a wurinsu ba. Irin wannan takarda ce na zaro daga aljihu lokacin da aka yi wa tsohuwata tayin wulaƙanci, nan take kuwa murya ta canja. Sai dai akwai wani lissafi da yake sa mutum ya gwammace ya bar tsohuwar a inda ya sayi sabuwa: harajin sayen mota a Texas kashi 6.25 ne cikin ɗari, kuma a kan cikon kaɗai ake ɗora shi. A ƙaddara sabuwa dala 70,000 ce, aka karɓi tsohuwa a 20,000, to harajin 50,000 za ka biya, wato 3,125 maimakon 4,375, ka tsira da 1,250. Wanda yake Kalifoniya ba shi da wannan sauƙi, a kan dukkan kuɗin ake cajinsa. Dila ya san da wannan rata sarai, shi ya sa yake ƙoƙarin cinye ta tun a wajen tayi.

Abin da ya fi ba ni wuya a ranar, wallahi, ba lissafi ba ne, kunya ce. Na sha gahawarsu, na cinye wa yaron nan awa huɗu, ya nuna mini hoton 'yarsa, sai na ji kamar in na tashi ban saya ba na ci amanar gishiri, domin haka kuka tarbiyyantar da mu, cewa wanda ya shimfiɗa maka tabarma ba ka naɗe ta a gabansa. Daga baya na fahimci cewa wannan nauyi da nake ji yana cikin kayan aikinsu, gahawa da jira da fara'a duk an auna su. Alkunyar da take ƙara wa mutum daraja a Kano, a nan kuɗi take ci. Na yi ta maza na miƙe, na ce ina son abu ɗaya kurum a rubuce, jimillar abin da zan biya in fita da mota, da haraji da kuɗin takardu da kome, cinikin tsohuwa kuma a yi shi daban. Suka ce ba haka ake yi ba. Na yi sallama na tafi gida zuciyata tana tuhumata. Ana saura kwana biyu wata ya ƙare sai ga waya, domin suna da adadin da ake so su cika kowane wata, abin da ba ya yiwuwa ranar Asabar ya yiwu ranar Alhamis.

Na ɗauka an gama, ashe da sauran ɗaki guda, ɗakin bashi, inda ake kai mutum bayan ya gaji ya saki jiki. A can ake tallata garanti na ƙari da inshora iri iri, a can kuma ake ƙulla rance mai kuɗin ruwa, wanda sau da yawa dila yana da nasa kaso a ciki. Wata doka ta 1968 ta tilasta a rubuta wa mai karɓar rance yawan ruwan da jimillarsa, kuma suna rubutawa, ba sa ɓoyewa. Mutane ne ba sa karantawa, idonsu yana kan biyan wata. Duba wannan misali: rancen dala 60,000 da ruwa kashi 7, in a wata 60 za a biya, ruwan ya haura 11,000 kaɗan, in kuwa aka ja shi zuwa wata 84 don biyan wata ya yi sauƙi, ruwan ya kai wajen 16,000, motar kuma tana faɗuwa a daraja tun ranar da ta bar gidan, har mutum ya wayi gari bashin da ke kansa ya fi ƙimar abin da yake tuƙawa. Na san 'yan'uwanmu a garin nan da suke cikin wannan hali, ranar Idi ka gan su kamar sarakuna. Ni dai, saboda tsoron riba da kuka dasa mana tun muna karanta babin ciniki a Risala, na haƙura shekara uku ina tari, na haɗa da kwasar adashinmu, na biya kuɗi hannu, na kuwa ga yadda fara'ar mai ɗakin ta dushe. Kuma da zarar ka sa hannu magana ta ƙare. Iƙalar da muka sani, inda mai nadama zai dawo washegari da dattijo a roƙa masa a warware ciniki don Allah, ba ta da ƙofa a nan.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami tun farko. Tsohuwar motata tana da aibi: da sanyin safiya giyarta takan yi fizga sau ɗaya kafin ta daidaita, in ta yi zafi kuwa ko bakanike ba zai gane ba. Mai duba ta ya zagaya da ita da rana tsaka, bai ji kome ba. Shaiɗan ya raya mini cewa mutanen da suka yini suna juya ni ba su cancanci nasiha ba, na kuma yi shiru na ɗan lokaci, ba zan ɓoye maka ba. Sai na tuna ranar da ka mayar da cinikin wani bijimi bayan ya faɗa, don mai shi bai faɗi cewa yana tari ba, ka ce la'adar da aka ci a kan algus ba ta shiga gidanka. Na kira mai duba motar na gaya masa. Ya dube ni kamar na yi masa Larabci, ya rage abin da zai rage, ya yi godiya.

Abin da ya hana ni barci shi ne inda motar za ta. Irin waɗannan da suka tsufa ba a cika ajiye su a gidan sabbi ba, gwanjo ake kai su, a gwanjon kuwa akwai mutanenmu da suke saye su loda a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas, daga can su hau hanya har Kano, a wanke su a ce 'yar Kwatano ce, wata tsohuwar Baturiya ce take zuwa kasuwa da ita. Aibin da na faɗa a Houston ba lalle ya ƙetare teku ba. A nan mayar da agogon tafiyar mota baya laifi ne a dokar tarayya tun 1972, kuma tun 1981 kowace mota tana da lamba mai harafi da alƙaluma 17, wadda da ita kamfani irin Carfax zai fito maka da tarihinta, haɗarin da aka rubuta ta yi da ambaliyar da ta ci ta da tafiyar da aka gani a agogonta. Su da ba su karanta babin aibi ba sun ɗaure shi da takarda, mu da muka haddace shi, a hannun wasunmu ne agogo yake komawa ƙuruciya. Wannan ya fi cinikin gida huɗu yi mini ciwo.

Game da ita sabuwar kuwa, lafiyarta ƙalau, tana tafiya kamar a kan ruwa. Sai dai da na binciki niyyata na tarar ba buƙata ce kaɗai ta kai ni ba, har da son a gani a harabar masallaci ranar Juma'a, daɗin kuma bai wuce mako uku ba ya zama jiki. Ka sa ni a addu'a Allah ya raba ni da riya.

Na ji an ce ɗan wajen Inna yana shirin sayen 'yar Kwatano da kuɗin gadonsa. Don Allah, Baffa, ka hana shi ba da ko kafin alƙalami sai ya kwafo lambar nan 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba ya aiko mini, ni zan biya kuɗin binciken, amsa kuma ba za ta kwana ba. A gaishe mini da Inna da su Hajiya da dukkan abokan zamanka na ƙofar gida.

Wassalam,
Ɗanka mai biyayya.