Tafiya Manawashi a Kan Karatun Hoton Asibiti

Da asuba muka bar Kano, muka bi ta Wudil da Birnin Kudu, muka faɗa ƙasar Bauchi har Darazo, sannan direba ya karya hanyar Dukku. A wajen Gombe Abba, tsohon mazaunin Modibbo Buba Yero, muka ƙetare kogin Gongola. La'asar ta kawo jiki muka sauka a tashar Dukku da ke cikin garin Gombe, na hau keke napep zuwa Manawashi, gidan Baffana.

Ba zumunci kaɗai ya kai ni ba. 'Yarsa ta ci burin karatun likita, makinta na JAMB bai kai ba, aka ba ta shawarar ta koma fannin ɗaukar hoton asibiti. Gidan ya rabu biyu, aka ce ni da ke kusa da jami'a in zo in sa baki.

Bayan sallar isha'i muka zauna a tsakar gida. Goggo ce ta fara. "Kai ɗan nan, an ce hasken na'urar yana hana mace haihuwa. Ita kenan za mu kai ta?" Baffa kuwa damuwarsa daban ce: shekara biyar a jami'a don a koyi danna maɓalli?

Na ce, "Baffa, Allah ya ja da ranka, ba danna maɓalli ba ne." Ɗalibi sai ya san kowane ƙashi da kowace gaɓa a jikin mutum, ya san kimiyyar hasken da yawan da ya kamata ya ratsa jariri ko dattijo. Idan hoto bai fita daidai ba, likitan da zai karanta shi ma ya ɓata. Ana yin digirin a Jami'ar Bayero, da ta Maiduguri, da ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Bayan shekara biyar akwai shekara guda ta horo a asibiti, sai bautar ƙasa, kuma ba mai taɓa majinyaci sai da rajistar hukumar da ke kula da wannan fanni, RRBN, wadda aka kafa a 1987.

Maganar Goggo kuwa na ga baki ba zai warware ta ba, don haka da safe na ɗauke su ita da yarinyar muka nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke hanyar Ashaka. Sashen hoto cike yake: ɗan acaɓa da karaya wanda sai da ɗorin gida ya ƙi sannan aka kawo shi, tsoho mai tari yana jiran hoton ƙirji, mata masu juna biyu a layin sikanin. Wata ma'aikaciya ta ba mu 'yan mintuna. Ta nuna wa Goggo rigar dalma da shingen da suke tsayawa a bayansa, da ɗan abin da suke maƙalawa a riga yana auna hasken da ya taɓa su. Ta bayyana cewa sikanin ciki da sauti yake aiki, MRI kuma da maganaɗisu, babu hasken a cikinsu ko kaɗan. Goggo ta tambaye ta ko tana da 'ya'ya. Ta ce tana da su, har da na goye.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne layin matan. Na san yadda mace a ƙasarmu take jinkirta hoton mama ko na mahaifa don kunyar namiji, har cutar ta yi nisa. Kowace yarinya da ta shiga wannan fanni ta rage wannan jinkirin. Aikin kuma bai tsaya a nan ba: akwai gashin cutar daji, da cibiyoyin gwaji masu zaman kansu, da koyarwa, har Saudiyya da Ingila suna ɗaukar ƙwararrunmu, ko da yake ni na fi son su zauna, don mu muka fi buƙata.

Ta Bauchi na komo. Ina Alkaleri Baffa ya kira ni ya ce ya amince, a canza mata kwas ɗin zuwa Bayero.