Wa zai auri bakanikiya?

Duk littafin soyayyar da na karanta, in dai an ambaci jirgin sama, to saurayin matuƙi ne. Ban taɓa cin karo da marubuciyar da ta aurar da tauraruwar ta ga mai gyaran jirgin ba. Haka abin ya ke a finafinan mu.

A Kawo mu ka tashi, cikin rugugin jiragen sansanin sojan sama. Amma ranar da ƙanwa ta ta ce injiniyancin jirage za ta karanta a AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama da ke nan kusa da mu, sai Hajiya ta ajiye carbi ta ce, "Ke 'yar nan, duk karatun duniya ki rasa na yi sai kanikanci? Wa zai auri mai warin baƙin mai?" Ni ma, ban ɓoye maku ba, dariya na yi.

Kawun mu ne ya kashe mani baki. Shi a kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ya koyi aikin. Ya ce da Hajiya, "Yaya, in mota ta lalace sai a gangara gefen titi. A sama fa? Jirgin da ya kai ki Makka bai tashi ba sai da irin mu ya duba shi ya sa hannu."

Sannan ya faɗi abin da ke cin sa. Difloma da lasisi kaɗai gare shi, don haka da kamfanin su ya durƙushe, masu digiri su ka samu wurin faɗawa, shi kuwa ya daɗe a gida. Ya ce lasisin hukumar NCAA ne ke ba ka ikon sa hannu, amma a jami'a ake sanin dalilin da ƙarfe ke gajiya har ya tsage. Tunda AFIT ta fara karatun digiri a 2018, a bar yarinya ta haɗa biyun.

Hajiya ta yarda. Saurayin da ke zuwa zance dai, tun da ya ji labari ya ɗauke ƙafa, ita kuma ta yi kukan ta ta share hawaye. Yanzu ta na aji uku.

Marubutan mu, don Allah ko sau ɗaya ku ba irin ta labari.