Kwalbar Man Kakata

Ina aji biyu na babbar sakandare na fara ƙin kallon madubi. Ni baƙa ce, baƙin Babanmu na ɗauko, kuma ban taɓa damuwa ba sai da aka fara shirin bikin yayar wata ƙawata. Duk wadda za ta shiga hoto so take ta yi "haske". Na tara kuɗin tara na sati uku, na sayi wani haɗin mai a ƙaramar roba, babu suna a jiki, babu lambar NAFDAC. Mai sayarwar ta ce da ni cikin kwana goma zan ga aiki.

Na kuwa gani. Fuskata ta yi fari, gaɓoɓin yatsuna suka ƙi, suka zauna baƙi ƙirin. Bayan wata biyu ƙuraje suka feso mini, in na fita rana kumatuna su riƙa zafi kamar an shafa barkono. Na koma rufe rabin fuska da hijabi ko a cikin aji.

Kakata ce ta fara ganewa. Gidanmu a Yakasai yake, ɗakinta na kusa da zaure, babu mai wucewa ba ta ƙare masa kallo ba. Ta kira ni ta ce, "Zo nan kishiya. Garin neman gira za ki rasa ido?" Na zaci wani jiƙo za ta haɗa mini. A'a, sai ta sa Yaya ya kai ni asibiti, tana cewa abin da ya shiga cikin fata ya fi ƙarfin kwalbarta.

Likitar ta yi mini bayanin da har yau ban manta ba. Yawancin irin wannan haɗin akwai sitiroyid a ciki, wanda ke sa fata ta yi siriri, ta yi ƙuraje da nankarwa. Wasu da haidirokwinon, wanda in an daɗe ana shafawa yakan bar baƙin tabo mai wuyar fita. Wasu ma har da zaiba, mai lalata ƙoda. Ta ce baƙin da nake gudu wani sinadari ne da ake kira melanin, shi ke kare fata daga zafin rana. Daga baya, a 2023, na ji hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Ashe ba ni kaɗai ba ce.

Sai da na gama magani, hunturu ya shigo, ƙafafuna suka yi faso, sannan Kaka ta ce in raka ta Kasuwar Kurmi. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, sama da shekara 500 ke nan, amma ni ban taɓa shiga lungun masu mai da zuma ba sai ranar. Na ga yadda take zaɓen man kaɗanya: ta sansana, ta lakato kaɗan ta murza a bayan hannu. In ya narke nan take ya shige, mai kyau ne. In warinsa ya sauya, ya tsufa. Muka sayo shi da man riɗi da ɗan guntun kakin zuma.

Ga yadda ta koya mini. A tsinko ganyen darbejiya, a wanke, a shanya a inuwa kamar mako guda, har sai ya riƙa marmashewa a hannu. A zuba tafi ɗaya a kwanon silba, a rufe shi da man riɗi. Ba a ɗora kwanon a kan wuta kai-tsaye. A tukunya mai ruwan zafi ake zaunar da shi, wuta ƙasa-ƙasa, kimanin awa ɗaya. A tace da farin ƙyalle mai tsabta. Sai a ɗebi cokali biyu na man da aka tace, a haɗa da cokali huɗu na man kaɗanya da cokali ɗaya na kakin zuma, a sake narkarwa a kan ruwan zafin. A juye a busasshiyar kwalba, a bari ya daskare kafin a rufe.

Karon farko da na yi ni kaɗai, gaggawa ta ci ni. Na ga mako guda ya yi nisa, na zuba ɗanyen ganye. Ba a yi sati biyu ba saman man ya yi fumfuna. Kaka ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Mai da ruwa ba sa zaman aure, yarinya." Na zubar ina jin haushin kuɗina.

Yanzu da nake karanta kimiyyar tsirrai a Jami'ar Bayero, na fahimci dalilan abubuwan da take yi. Ƙwayoyin cuta da fumfuna ruwa suke buƙata kafin su rayu, shi ya sa ɗanyen ganye ya ɓata mini aiki. Ruwa ba ya wuce maki 100 in yana tafasa, don haka man da ke zaune a kansa ba ya ƙonewa. Man kaɗanya kuwa yana narkewa daidai da ɗumin jikin mutum, sai ya yi shimfiɗa a kan fata ya hana danshinta gudu, kakin zuma kuma ya ƙara masa kauri. Shi ya sa ya fi amfani in an shafa bayan wanka, tun jiki bai gama bushewa ba. Ita darbejiya asalinta daga yankin Indiya ne, kuma masana sun samu sinadarai a cikinta da ke hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a ɗakin gwaji. Amma wannan bai mayar da man ya zama maganin kowace cuta ba.

Nan ne nake son ƙannena ɗalibai su saurara da kyau. Wannan man na kaushi ne da faso da bushewar fata. Makero da ƙazuwa da ƙuna da ciwon da ke ruwa, na asibiti ne. Kafin ku shafa, ku gwada kaɗan a cikin damtse, ku jira kwana ɗaya. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, ku bar shi, domin ba duk abin da ya fito daga itace ne ke karɓar kowa ba. Kada ya shiga ido ko baki, kuma a nisanta shi da ƙananan yara, don man darbejiya na da haɗari in yaro ya sha. Kada ku hura wuta sai da babba a kusa. Sannan a yi kaɗan-kaɗan, wanda zai ƙare cikin wata biyu ko uku.

Har yanzu akwai ɗan tabo a kumatuna na hagu, kuma launina ya dawo yadda Allah Ya yi shi. Man Kaka bai ƙara mini haske ko ɗigo ba, ita ma ba ta taɓa yi mini wannan alƙawari ba. Abin da ya bambanta shi da na robar nan shi ne, na san duk abin da ke cikinsa, zan iya lissafawa da yatsu huɗu.

Satin da ya wuce ƙanwata 'yar aji uku ta dawo daga makaranta tana ba ni labarin wani mai da ƙawayenta ke yayi. Ban yi mata faɗa ba. Na nuna mata kumatuna, na ce ranar Asabar ta shirya mu je Kurmi. Ganyenmu yana nan a shanye a ƙarƙashin rumfa, kuma wannan karon sai ya cika mako guda.