Giyar Motar Baba

Motar da mahaifinmu ya bari Marsandi ce 230E, ƙirar 1984, daga jerin W123 da kamfanin ya daina ƙerawa a 1986. Ranar rabon gado ni kaɗai na nuna ina so, aka yi mata kuɗi aka cire daga kasona. Yayyena sun yi murmushi, domin kowa ya san giyarta ta gaji. Idan aka taka totur sai injin ya yi ta kuka, motar kuwa ta yi jinkiri kafin ta ɗauka.

Shawarar kowa ɗaya ce: in je Ƙofar Ruwa in sayo akwatin giya na Beljiyam a ɗora. Amma shi ma wancan ya kusa shekara arba'in, kuma babu mai sanin abin da ke cikinsa sai an biya. Na zaɓi a buɗe namu.

Dattijon bakaniken da na kai wa bai ko tayar da injin ba. Ya zaro sandar awon man giya, ya shinshina. "Ɗana," in ji shi, "man nan ja ya kamata ya kasance. Dubi, ya koma kamar shayin da ya kwana, ga ƙauri. Faifan ciki sun cinye."

A mako ukun da suka biyo baya na fahimci abin da yake nufi. Wannan giya mai hawa huɗu ba ta da kwamfuta ko kaɗan, da matsin mai take yanke hukunci. Famfo yana tura man cikin wani faranti mai ƙananan hanyoyi kamar gidan tururuwa, inda saurin motar da nauyin ƙafar direba suke ja-in-ja. Wanda ya rinjaya shi ke buɗe wa man hanya, man kuma ya matse jerin faifan kuloci ko ɗamarar birki, giya ta canza. Faifan nan an lulluɓe su da wani abu mai kama da takarda. Idan robobin da ke tsare mai suka bushe, matsi ya ragu, faifan su riƙa zamewa suna zafi har su ƙone, burbushinsu ya toshe matatar mai. Haka lalacewa ɗaya take haifar da 'yar'uwarta.

Abin da ya fi burge ni tsabtar mutumin. A garejin da ƙasarsa ta yi baƙi da mai, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera kowane ƙarfe bisa tsarin da ya fito. Sababbin faifan ya jiƙa su a man giya kafin ya sa, ya auna tazarar da ke tsakaninsu sau biyu. Yaransa kuwa ya hana su kusantar farantin, domin akwai ƙananan ƙwallaye a ciki waɗanda idan ɗaya ya ɓata an shiga uku.

Kuɗin ya zarce na Beljiyam, ban kuma faɗa wa yayyena adadin ba. Ranar gwaji motar ta riƙa fizga a kowane canji, gabana ya faɗi. Dattijon ya leƙa ƙarƙashi, ya fito da wani siririn tiyon iska da ya tsage, wanda ta cikinsa giya ke sanin yawan nauyin da ke kan injin. Ya sauya shi da guntun da bai kai kuɗin kwanon abinci ba.

Muka hau titin Zariya, ya ce in kashe rediyo. Na ƙirga canjin da kunnena har zuwa giya ta huɗu, sannan ya ce mu juya, la'asar ta yi.