Ranar da Na Ga Ana Saita Jirgin Tsere a Friedrichshafen

Daga Zurich jirgin ƙasa ya kai ni Romanshorn, daga can na hau jirgin fito na tsallaka tafkin Bodensee zuwa Jamus. Ƙasashe uku ne suka kewaye tafkin: Jamus da Suwizalan da Ostiriya. Ƙarshen kaka ne, sanyi ya fara cizo, hazo ya rufe gaɓa. Ba mu cika awa guda ba muka sauka Friedrichshafen, garin da jirgin saman Zeppelin na farko ya tashi a kusa da shi a shekarar 1900. Abin da ya kawo ni shi ne baje kolin Faszination Modellbau, inda masu ƙera ƙananan jiragen sama da na ƙasa da na ruwa ke haɗuwa duk shekara.

Zauren jiragen ruwa na nufa kai tsaye. An kafa babban kwarmin ruwa a tsakiya, ƙananan jiragen dakon kaya da na yaƙi suna shawagi a hankali, masu su na tsaye da rimot a hannu. Sana'ar ba ta yau ba ce, don tun 1898 Nikola Tesla ya nuna wa mutanen New York jirgin da ake sarrafawa da rediyo. Amma teburin masu tsere ne ya riƙe ni. Wani dattijo ya buɗe cikin jirginsa, wanda tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, yana aiki da ɗan sukudireba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina sirrin gudun yake? A inji?"

Ya girgiza kai, ya ɗora jirgin a kan yatsu biyu. Ya ce nauyi ya kamata ya daidaita a wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon jirgin, in an auno daga baya. Ya tura batir gaba kaɗan, goshin ya sunkuya. In nauyi ya yi gaba, jirgin zai riƙa noman ruwa, batir ya ƙare a banza. In ya yi baya, iska ta shiga ƙarƙashinsa ta kifar da shi.

Sai ya juyo da bayan jirgin. Farfelar ba ta nutsewa duka, rabinta kawai ke cikin ruwa lokacin gudu, shi ya sa ake ganin feshi yana tashi a baya. Ƙarfen da ke riƙe da ita ana ɗaga shi ko a sauke shi da milimita ɗaya, kuma wannan milimitar kan sauya tafiyar jirgin baki ɗaya. Ita kanta farfelar sai an wasa bakinta an daidaita nauyin fukafukanta, in ba haka ba jirgin ya kama karkarwa. Ya zaro igiyar ƙarfen da ke juya ta, ya shafe ta da giris, ya ce bayan kowane wuni na tsere haka ake yi saboda tsatsa.

Zafi ne babban abokin gaba. Akwai ɗan rami a jikin ƙarfen da ke juya akalar jirgin. Gudu ke tura ruwa ta nan, ya bi siririn tiyo, ya zagaye injin da na'urar da ke sarrafa wutarsa, ya fita ta gefe. Direba na lura da wannan tsartuwar. In ta tsaya, tiyo ya toshe, sai a dawo gaɓa kafin wani abu ya ƙone. Batirin LiPo kuwa, kowane ɗakinsa volt 4.2 yake kaiwa in ya cika, kuma ba a barinsa kan caji babu mai tsaro. Wayar eriya a sama take zama, domin ruwa na shanye siginar 2.4 GHz.

A gasar ƙungiyar duniya ta NAVIGA, irin wannan jirgi yana zagaya alamomin da ke yawo a kan ruwa, kuma yawan zagaye cikin ƙayyadadden lokaci ake ƙirgawa. Saboda haka wanda ya ɗaura farfelar da ta fi ƙarfin batirinsa zai yi fintinkau da farko, sannan ya tsaya cak a tsakiyar tafki ana wuce shi.

Dattijon ya rufe murfi, ya bi gefensa da salatif don kada ruwa ya shiga, ya gwada rimot hagu da dama, sannan ya ajiye jirgin a ruwa. Kwarmin ya yi masa kaɗan. Yana taɓa wuta ya kai ɗaya bakin. Ya ɗauko shi, ya taɓa injin da bayan yatsa, ya buɗe wani tsohon littafi ya rubuta girman farfela da wurin da batir ya zauna.

Shawarar da ya ba ni kafin in kama hanyar tasha ita ce: abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji, a rubuta sakamakon. Wanda ya taɓa batir da farfela lokaci guda, ko jirgin ya ƙara gudu, ba zai san wanne ya jawo ba.