Daga Demsawo Zuwa Garwa: Kogi Ɗaya, Akushi Biyu

A unguwar Demsawo ta cikin Jimeta, in ka ji dattijo ya ce ɗansa ya tafi Faransa, kada ka zaci Paris yake nufi. Sau da yawa Garwa ce, watau babban garin nan na arewacin Kamaru da ke bakin Binuwai, kogin da ya gangaro ya biyo ta Jimeta. A da can ƙasar duka ɗaya ce, Fombina, wadda Modibbo Adama ya kafa bayan ya karɓo tuta a 1809, ya kuma zauna Yola a 1841. A 1901 Ingilishi suka ci Yola, Jamusawa suka ci Garwa. Da aka kori Jamus a yaƙin duniya na farko, sai Garwa ta koma hannun Faransawa har 1960. Sun tafi, amma sun bar harshensu, da dogon burodinsu, da irin zaman da suke yi wa abinci.

Wannan zama shi muka je gani, ni da mai ɗakina, da aurenmu ya cika shekara 20. A kasuwar Garwa Fulatanci da Hausa sun ishe mutum ciniki, sai ka ce kana Jimeta. Amma da magariba ta wuce muka shiga wani gidan abinci irin na Faransawa, sai ga takardar abinci babu ko kalma ɗaya tamu. Tun da fari muka shaida wa mai kawo abincin cewa ban da naman alade, ban da giya ko da a cikin miya ce. Wanda duk zai shiga irin wurin nan, to, ya fara da wannan.

Su ba sa jibge wa mutum abinci gaba ɗaya. Aka fara kawo romon kayan lambu da burodi. Bayan an kwashe kwanuka aka huta, sa'an nan aka kawo wani kifi da suke kira kafiten, an soya shi da man shanu da lemun tsami. Mai ɗakina na ɗanɗanawa ta yi dariya ta ce, "Malam, ai giwan ruwa ne!" Shi ne kuwa. Aka ce mana daga tafkin Lagdo aka kamo shi, madatsar nan da aka gama a 1982, wadda in an saki ruwanta mutanen Jimeta kan kwana ido biyu, kamar yadda aka yi a 2012 da 2022. Daga nan sai cuku, sai kayan zaƙi, sai gahawa. Awa biyu cur, ba mai hanzarta mu, ba a kuma kawo takardar kuɗi ba sai da muka nema. Ba banza ba a 2010 hukumar UNESCO ta sa wannan zama na Faransawa cikin al'adun duniya da ya kamata a adana.

To, a tsakanin kwano da kwano babu abin yi sai magana. Can ta ce, "Rabonmu da zama mu biyu a kan abinci tun ina amarya." Mai karatu ya san yadda gidajenmu suke: maigida na zaure da abokai, uwargida na ciki da yara, akushi kaɗai ke kai da kawowa. A daren nan maganar karatun 'yarmu da ta jinyar surukata, waɗanda suka yi watanni suna jiran lokaci, duk suka sami wurin zama.

Ba cewa nake kowa ya canza kuɗinsa zuwa sefa ya ƙetare iyaka ba, don abin akwai tsada. Kifin Binuwai yana nan a Geriyo, a bayan Jimeta, matan Demsawo kuwa ba a koya masu sarrafa shi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne awa biyun nan. Malamai sun sha gaya mana cewa ko lomar da miji ya sa a bakin matarsa tana da lada. Ranar da aurenka ya zagayo, a shimfiɗa tabarma, a sallami yara, a ci a hankali. Allah ya ba mu zaman lafiya da iyalinmu.