Tayar da Na Zaɓa wa Motar Baba

Duk wanda ya san Unguwar Mu'azu da damina ya san wahalar da ƙananan motoci ke sha da zarar sun sauka daga titin Nnamdi Azikiwe sun shiga cikin layuka. A bakin layinmu akwai wani wuri da ruwa ya zaizaye, kullum da safe sai ka ji "ƙurrr", cikin motar Baba ya gogi ƙasa. Peugeot 406 ce, irin waɗanda aka haɗa nan Kakuri. Da kuɗin sallamarsa ya saye ta, kuma tun da ya yi ritaya ita ke ci da gidan, yau shata zuwa Zariya, gobe Kano. Kuɗin rajistata na Poli ma daga jikinta suke fitowa.

Ina ND 2 a sashen injiniyan kanikanci tayoyin motar suka ƙare. A gida kuwa an riga an naɗa mini rawanin "Injiniya", ko fanka ce ta tsaya ni ake kira. Wata Asabar Baba ya ƙirgo kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ya ce, "Injiniya, je ka sayo mana guda huɗu, kai ka san harkar."

Ina hanya dabara ta faɗo mini: me zai hana in sa mata taya mai girma, motar ta ɗaga, a huta da gogar ƙasa? A jikin tsofaffin an rubuta 195/65 R15. A wajen masu tayar Beljiyam na ga wasu ɓul-ɓul, 215/70 R15, ga zane kamar sababbi, ga sauƙin kuɗi. Na ga 15 ɗin ƙarshe iri ɗaya ne, wato za su hau wilinmu ba sai an sake wani ba. Iyakar lissafin da na yi ke nan.

Dattijon da ke faci a bakin layinmu ya juya tayar, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ce, "Ɗan Poli, wili dai zai ɗauka. Amma ita motar ka tambaye ta?" Na yi dariya na ce, "Baba, ɗaura kawai, mun karanta wannan." Wallahi ba mu karanta ba. Bai ƙara magana ba, ya ɗaura.

Kwana biyun farko na sha yabo, mota ta wuce bakin layi ba ƙara. Daga nan Baba ya fara ƙorafi. In ya karya sitiyari har ƙarshe sai ya ji wani abu na gurzawa a gaba. Wajen tashi motar ta yi nauyi, sai ya ƙara taka totur. Mai kuma ya fara saurin ƙarewa, ga shi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa da ido yake bin allurar tanki. Ni kuwa na dage, "Sabunta ce, Baba, za su zauna."

Ranar kai Yayata ɗakinta a Zariya asirina ya tonu. Gwaggonni huɗu a baya, but cike da kayan gara, ni ina gaba kusa da Baba. Tun daga Kawo, duk ramin da muka faɗa sai mu ji "gurr" a baya. Muna wuce Mararrabar Jos ƙaurin roba ya cika motar. Kafin Jaji Baba ya gangara gefen titi. Da na duƙa na duba, ƙarfen bakin gidan tayar baya ya yanki gefenta, har zare ya fito. Da mun ƙara tafiya a wannan gudun, Allah kaɗai ya san yadda labarin zai ƙare. Muka ɗaura safaya, wadda ita ƙarama ce a kan sauran ukun, aka raba gwaggonni a motocin 'yan rakiya, muka lallaɓa. Amarya ta riga mu isa da kusan awa biyu. Wata gwaggota tana hawa wata motar tana cewa, "Ai ga aikin Injiniya nan mun gani."

A daren, a bayan wata tsohuwar takardar lakca, na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Ga shi, ko zai amfani wani. Lambar farko faɗin taya ce a milimita. Ta biyu tsayin gefenta ne, amma a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin. Ta uku girman wili ne a inci. A 195/65 R15, gefe ya kama milimita 127. Ka ninka biyu, ka haɗa da wilin inci 15, wato milimita 381, tsayin taya gaba ɗaya ya zama wajen 635. A 215/70 R15 kuwa gefe ya haura 150, tsayi ya kai 682. Bambancin milimita 47 ne, sama da kashi 7 cikin 100, alhali ƙa'idar da masu harkar taya suka fi bi ita ce kada a wuce kashi 3.

Abin da ya fi ba ni haushi, rabin wannan bambancin kawai motar ta ɗaga, kimanin milimita 24, ko inci guda bai cika ba. Ɗaya rabin sama ya tafi, ya cinye sararin da aka bar wa taya ta yi motsi in an yi lodi ko an faɗa rami. Sannan maleji juyin taya yake ƙirgawa, bai san an sake ta ba. In allura ta nuna 100, iyakar gudun da aka yarje wa ƙananan motoci a babban titi, Baba yana kan 107 ne bai sani ba. Nauyin tashi da shan mai ma daga nan suke, don tamkar an ƙara wa motar giya ne.

Na kuma gano lambobi huɗun da ke gefen taya, masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. Misali 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Biyu daga cikin nawa sun haura shekara takwas. Araha dai ba ta ado.

Da safe na kai wa Baba takardar, ina jiran faɗa. Ya sa tabarau ya bi ta layi-layi, ya ce, "To ashe ka iya. Me ya hana ka yi kafin ka kashe kuɗin?" Na rasa amsa. Gaskiyar ita ce, tunda aka ce mini Injiniya, kunyar tambaya nake ji, har da tambayar littafina.

Mun mayar da uku da asara, aka ciko kuɗi aka sayo ainihin lambar da ke manne a jikin ƙofar direba. Cikon daga kuɗin rajistata ya fito, sai da na biya tarar makara a zangon. Da bakanike ya duba, ashe sifirin ɗin motar ne suka saki, shi ya sa take zama ƙasa. Ramin bakin layi kuwa, mu samarin unguwa muka cike shi da ɓaraguzai ranar wata Lahadi.

Har yanzu in na wuce, dattijon mai faci kan ɗaga murya ya ce, "Ɗan Poli, ka tambayi motar?" Nakan tsaya mu gaisa. Makon jiya ma shi ya nuna mini yadda ake gane tayar da aka sake wa zane da wuƙa.